Daga Abuja Zuwa Yamai a Jirgin Sama: Yadda Ake Lissafin Nisa da Ainihin Lokacin Tafiya

Duk wanda ya tambayi intanet nisan da ke tsakanin filin jirgin saman Nnamdi Azikiwe na Abuja da filin jirgin saman Diori Hamani na Yamai, nan take za a miƙo masa amsa biyu: kilomita 740 da 'yan kai, da kuma tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna. Amsar farko gaskiya ce, kuma ba za ta canza ba muddin filayen biyu suna inda suke. Amsar ta biyu ita ce ke jefa matafiya cikin wahala, ba don ƙarya ce ba, sai don ta amsa tambayar da ba ita matafiyi ya yi ba. Ɗan kasuwar da zai je ganin kaya, da jami'in da zai halarci taro, da mai zuwa ɗaurin aure ko ta'aziyya, dukkansu abin da suke son sani shi ne ƙarfe nawa za su bar gida a Abuja, ƙarfe nawa kuma za su ajiye jaka a masaukinsu a Yamai. Wannan lokacin ba a samun sa ta hanyar raba kilomita da gudun jirgi kawai. Gina shi ake yi hawa-hawa, kuma duk wanda ya bi lissafin har ƙarshe zai ga cewa nisan da ke sama ƙaramin kashi ne kawai na abin da ke cin lokacin tafiyar. Matakan guda biyar ne, kuma ba sa bukatar komai sai waya mai kalkuleta da takarda da biro.

Mataki na farko shi ne auna nisan kai-tsaye. Kowane wuri a doron ƙasa yana da lambobi biyu da ke nuna mazauninsa: latitud, wato nisansa arewa ko kudu da layin ikwaita, da longitud, wato nisansa gabas ko yamma da layin Girinwic. Taswirar da ke cikin waya tana nuna su idan aka danna wurin aka riƙe. Filin jirgin Abuja yana kan digiri 9.01 arewa da 7.26 gabas, na Yamai kuma yana kan digiri 13.48 arewa da 2.18 gabas. Sai a debe ƙaramar lamba daga babba: bambancin latitud digiri 4.47 ne, na longitud kuma 5.08. Digiri ɗaya na latitud kusan kilomita 111 ne a ko'ina a duniya, saboda haka Yamai tana arewa da Abuja da kilomita 496. Digirin longitud kuwa yana tsukewa gwargwadon yadda aka yi nesa da ikwaita. A yankinmu, tsakanin digiri 9 da 13, kusan kilomita 109 ne, saboda haka Yamai tana yamma da Abuja da kilomita 554. Daga nan sai ƙa'idar alwatika da ake koyarwa a ƙaramar sakandare: a ninka 496 da kanta a samu 246,016, a ninka 554 da kanta a samu 306,916, a haɗa su su zama 552,932, sannan a nemo lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da wannan jimla, aikin da alamar √ ke yi a kalkuleta. Amsar ita ce kilomita 744, zuwa arewa maso yamma.

Mai ilimin taswira zai iya cewa wannan lissafi na shimfiɗaɗɗen wuri ne, alhali duniya dunƙulalliya ce, kuma jirage suna bin hanyar da ta fi gajarta a bayan dunƙulen. Maganarsa daidai ce, amma nauyinta ya danganta da tsawon tafiyar da kuma inda ake yin ta. A tafiyar da ba ta kai kilomita dubu ba, kusa da ikwaita, bambancin da ke tsakanin wannan lissafi da cikakken lissafin da kwamfuta ke yi bai wuce kilomita ɗaya ko biyu ba, abin da jirgi ke shafewa cikin daƙiƙu goma. Inda lissafin zai karkace shi ne doguwar tafiya kamar Abuja zuwa Landan, domin a can digirin longitud ya tsuke zuwa kusan kilomita 69, kuma lamba ɗaya ba za ta wakilci hanyar gaba ɗaya ba. Abin da ya fi lanƙwasar duniya rikita mutane shi ne ma'auni. Nisan nan ɗaya ana rubuta shi iri uku: kilomita 744, ko mil 462 na ƙasa, ko mil 402 na teku, wanda shi ne ma'aunin matuƙa jirgi da masu ba su umarni daga hasumiya. Mil na ƙasa kilomita 1.609 ne, na teku kuma 1.852. Wanda ya ga 402 a wani shafi ya ɗauka kilomita ne ya rage wa tafiyar kusan rabinta tun bai fara lissafi ba.

Mataki na biyu shi ne yarda da cewa jirgi ba ya bin wannan miƙaƙƙen layi sak. Idan aka ja layin a taswira, zai bi ta kusa da Minna da Kwantagora, ya ratsa jihar Kebbi ta kudu da Birnin Kebbi, ya shiga Nijar ta jihar Doso. Amma sararin samaniya yana da hanyoyinsa da mahaɗarsa, kuma akwai masu tsaron su. A Najeriya hukumar NAMA ce ke ba jirage umarni, kuma duk sararin ƙasar yana ƙarƙashin shiyyar da ake kira da sunan Kano. Da jirgi ya ƙetare iyaka sai a miƙa shi ga shiyyar Yamai, wadda hukumar ASECNA ke gudanarwa, hukumar haɗin gwiwa da aka kafa a 1959 mai hedikwata a Dakar. Ban da haka, jirgi yana tashi yana kuma sauka ne yana fuskantar iska. Titin jirgin Abuja ya miƙe ne daga kudu maso yamma zuwa arewa maso gabas, wato ko ta wane ɓangare aka tashi, sai jirgin ya yi kwana kafin ya fuskanci Yamai, haka nan a wurin sauka yakan zagaya ya daidaita da titi. Waɗannan duka suna ƙara 'yan kilomita gommai. Ba lallai ne matafiyi ya ƙididdige su ɗaya bayan ɗaya ba, domin mataki na gaba zai haɗiye su, amma ya kamata ya san cewa 744 shi ne mafi ƙarancin abin da jirgi zai ci, ba matsakaici ba.

Mataki na uku shi ne mayar da nisa ya zama lokaci, kuma a nan ne yawancin masu lissafi ke yin gaggawa. Jirgi mai injin jet irin Boeing 737 yana gudun kilomita 800 da ɗoriya a awa idan ya kai ƙololuwar hawansa. Amma ba da wannan gudun yake barin ƙasa ba. Yana ɗaukar kusan minti 20 yana hawa, kusan haka kuma yana gangarowa, kuma a ƙasa da ƙafa 10,000 ana taƙaita masa gudu. Kafin tashi ma sai an tura shi baya, ya kunna injuna, ya rarrafa zuwa bakin titi ya jira izini. Hanya mai sauƙi da ke kama gaskiya ita ce a raba nisan da 800, a mayar da amsar mintuna, sannan a ƙara minti 30. Kilomita 744 a raba da 800 ya ba da minti 56. Idan aka ƙara 30 ya zama kusan awa ɗaya da minti 25. Ana iya gwada wannan ƙa'ida da hanyoyin da mutanen Abuja suka sani sarai. Abuja zuwa Legas kusan kilomita 510 ne, ƙa'idar ta ba da awa ɗaya da minti 8, kuma kusan abin da kamfanoni ke rubutawa ke nan a tikiti. Abuja zuwa Kano kusan kilomita 365 ne, ƙa'idar ta ba da minti 57, kuma kowa ya san awa ɗaya ake cewa. Idan jirgin mai farfela ne irin ATR 72, wanda gudunsa kusan kilomita 500 ne a awa, sai a raba da 500 a ƙara minti 20, abin da zai kai tafiyar Yamai kusan awa ɗaya da minti 50.

Ya kamata a rarrabe lokaci biyu da ake yawan cakuɗawa. Wanda matuƙi ke faɗa ta lasifika shi ne daga lokacin da tayoyi suka bar ƙasa zuwa lokacin da suka sake taɓa ta, kuma a hanyar Yamai ba zai wuce awa ɗaya da minti 5 ko 10 ba a jirgin jet. Wanda ke kan tikiti kuwa daga motsin jirgi ne a inda aka ajiye shi zuwa tsayawarsa a ɗaya filin, kuma shi ne ƙa'idar da ta gabata ke ƙiyastawa. Wasu kan ce matuƙi yana iya ƙara wuta ya rama lattin da aka yi, ko kuma iska ta taimaka. Lissafi bai goyi bayan wannan fata ba. Idan matuƙi ya ƙara kashi 5 cikin 100 na gudunsa, abin da zai ci mai sosai, minti uku kacal zai rage a tafiya irin wannan. Iskar da ke tunkarar jirgi da ƙarfin kilomita 50 a awa kuma minti huɗu za ta ƙara, mai turo shi daga baya ta rage kusan haka. A doguwar tafiya mai ƙetare teku iska na iya sauya lissafi da awa guda, amma tsakanin maƙwabta abin da ke faruwa a sama kusan a yanke yake. Galibin abin da zai sauya ranar matafiyi a ƙasa yake faruwa.

Mataki na huɗu, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne tambayar ko akwai jirgin kai-tsaye a ranar da ake so. Shafukan da ke lissafa nisa ba sa yin wannan tambaya. Suna ɗauka ne kamar jirgi na tsaye yana jiran mai tambaya. Tun bayan durƙushewar Air Afrique a 2002 da Nigeria Airways a 2003, zirga-zirga tsakanin manyan biranen Afirka ta Yamma ta koma ratsawa ta 'yan cibiyoyi kaɗan. Hanyar kai-tsaye tsakanin Najeriya da Yamai takan buɗe ta rufe gwargwadon kasuwa da siyasa, saboda haka sau da yawa matafiyi daga Abuja sai ya bi ta Lome, cibiyar kamfanin ASKY da ya fara aiki a 2010, ko ta Abijan, cibiyar Air Côte d'Ivoire. Da wannan ƙa'idar tamu ana iya auna abin da hakan ke nufi. Abuja zuwa Lome kusan kilomita 735 ne, wato kusan daidai da nisan Yamai ɗin kanta, amma zuwa kudu maso yamma. Lome zuwa Yamai kuma kusan kilomita 820 ne. Jimla ta kai kilomita 1,555, ninki biyu na hanyar kai-tsaye, da kusan awa uku a cikin jirgi. Ta Abijan kuwa, zangon farko kusan kilomita 1,300 ne, na biyu 1,130, jimla ta haura 2,400, fiye da ninki uku. Wani lokaci ma jirgin kan ƙara sauka a wani birni a hanya ya sauke fasinja ya ɗauki wasu, abin da ke ƙara kusan awa guda ko da ba a fita daga jirgin ba.

A nan ne agogo ke shigowa. Najeriya da Nijar lokacinsu ɗaya ne, awa ɗaya gaba da lokacin Girinwic, haka ma Benin da Chadi da Kamaru. Mai tafiya kai-tsaye ba ya bukatar taɓa agogonsa. Amma Togo da Gana da Kwaddibuwa da Burkina Faso suna bayanmu da awa ɗaya, kuma ƙa'idar tikiti ita ce kowane lokaci da aka rubuta na garin da abin zai faru ne. A ɗauka tikiti ya nuna tashi daga Abuja ƙarfe 10:00, sauka a Lome 10:25. Ba tafiyar minti 25 ba ce, ta awa ɗaya da minti 25 ce. Idan kuma ya nuna tashi daga Lome 12:30, sauka a Yamai 15:00, ba awa biyu da rabi ba ne, awa ɗaya da rabi ne. Hanyar kauce wa ruɗani ita ce a mayar da duk lokutan zuwa agogon Abuja a takarda kafin a fara debewa. Haɗarin ba a lissafi kaɗai yake ba. Wanda agogon hannunsa ke kan lokacin Abuja zai ga kamar jirginsa na Lome ya kusa tashi alhali da sauran awa guda, wannan da sauƙi. Mai dawowa ta wata hanya da ya juya agogonsa baya ya manta bai mayar ba, shi ne wanda zai iske an rufe ƙofa. Yana da kyau kuma a duba haruffa ukun da ke wakiltar kowane fili a tikiti da kan takardar da ake liƙa wa jaka: ABV Abuja, NIM Yamai, LFW Lome, ABJ Abijan. Harafi ɗaya ne ya raba ABV da ABJ, kuma jaka ba ta da bakin da za ta yi gyara.

Tsawon jiran da za a yi a cibiya shi ma abin zaɓi ne, ba ƙaddara ba. Kamfanonin da ke da cibiya suna tsara jiragensu su taru a lokaci guda daga garuruwa daban-daban, a yi musayar fasinja, su sake watsewa. Idan zangon farko ya makara har ya rasa wannan taro, sau da yawa babu wani jirgin sai washegari, ko bayan kwana biyu idan hanyar ba ta kullum ba ce. Saboda haka jiran da bai kai awa ɗaya da rabi ba kasada ce, ko da kwamfutar kamfani ta yarda ta sayar da shi. Abu na biyu shi ne a sayi zangon biyu a tikiti guda. Idan tikiti ɗaya ne, jaka tana wucewa kai-tsaye, kuma idan lattin jirgin farko ya sa aka rasa na biyu, nauyin sake tsara tafiyar yana kan kamfani. Idan kuwa tikiti biyu ne daga kamfanoni biyu, matafiyi zai shiga ƙasar a hukumance, ya karɓi jakarsa, ya sake bin layin awo, kuma idan ya makara kamfani na biyu zai ɗauke shi a matsayin wanda bai zo ba. Rangwamen da aka samu wajen raba tikiti yakan tafi a kuɗin otal na dare ɗaya.

Mataki na biyar shi ne lokacin ƙasa. Filin jirgin Abuja yana kusan kilomita 40 daga tsakiyar birni, ta babban titin Umaru Musa 'Yar'aduwa da ya ratsa Lugbe. Daga Wuse ko Garki ko Maitama, idan hanya a buɗe take, minti 40 zuwa 45 sun isa. Da yamma, lokacin da ma'aikata ke komawa Lugbe da Kuje da Gwagwalada, a ware awa ɗaya ko fiye. Mai fitowa daga Nyanya ko Mararaba sai ya ƙara abin da cunkoson wannan hanya zai ci. Akwai jirgin ƙasa na cikin birni da ke zuwa filin ta Idu, wanda aka buɗe a 2018 aka kuma farfaɗo da shi a 2024, amma yana da jadawalinsa da sai an daidaita da na jirgin sama. Tafiyar Yamai, duk da gajartarta, tafiyar ƙasa da ƙasa ce, kuma shawarar da kamfanoni ke bayarwa ita ce a iso awa uku kafin tashi, domin akasari ana rufe karɓar kaya awa ɗaya kafin lokaci. Tsakanin ƙofar shiga da ƙofar jirgi akwai binciken kaya, da awo, da jami'an lafiya, da na shige da fice, da binciken tsaro. Fasfo mai sauran wa'adi da katin rigakafin cutar shawara su ne takardun da rashinsu ke tsayar da tafiya gaba ɗaya. A Yamai kuma, a ware minti 45 don shige da fice da jiran jaka da kwastan, da minti 30 zuwa cikin gari, domin filin, wanda aka sabunta a 2019 gabanin taron ƙolin Tarayyar Afirka, kimanin kilomita 10 ne kawai daga tsakiyar birnin.

Yanzu sai a haɗa. Idan akwai jirgin kai-tsaye: awa ɗaya zuwa fili, awa uku a fili, awa ɗaya da minti 25 a jirgi, awa ɗaya da kwata daga sauka zuwa masauki. Jimla ta kai kusan awa shida da minti 40, kuma lokacin da aka yi a cikin jirgin bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Idan ta Lome aka bi, da jiran awa biyu, jimlar ta haura awa goma. A raba kilomita 744 da awa goma, za a ga cewa matafiyin ya kusanci Yamai ne da gudun kilomita 74 a awa, gudun motar haya a titi mai kyau. Idan kuwa jadawalin ya tilasta kwana a cibiya, tafiyar ta zama ta yini biyu. Wannan ƙiyasi ne na ranar da komai ya tafi daidai, kuma kowa na iya sauya lambobin gwargwadon unguwarsa da tikitinsa. Abin da ba ya sauyawa shi ne tsarin: awa ɗaya da 'yan mintunan da intanet ta faɗa ta zama yini guda cur.

Bayan wannan jimla akwai ragowar lokaci da ake warewa don abin da ba a tsara ba, kuma girmansa ya danganta da wata. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Maris, iskar hunturu na kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta baza ta a kan Nijar da arewacin Najeriya. Idan hazo ya yi kauri har ganin nesa ya faɗi ƙasa da abin da dokar sauka ta yarda, jirgi zai jira a ƙasa, ko ya yi ta shawagi, ko ya karkata zuwa wani fili. Da damina kuma hadari ne, wanda yawanci ke haɗuwa da yamma yana tafiya daga gabas zuwa yamma. Matuƙi ba ya ratsa shi, zagaye shi yake yi. Hukumar NiMet na fitar da hasashen yanayi da gargaɗin hazo, kuma duba shi kwana ɗaya kafin tafiya ba ɓata lokaci ba ne. Jirgin safe ya fi na yamma cika alkawari, saboda jirgi ɗaya ne ke yin sawu da yawa a yini, kuma lattin kowane sawu yana taruwa a kan na bayansa. Abuja tana da nata ƙarin dalili. Fadar gwamnati ce, ana dakatar da zirga-zirga na ɗan lokaci idan jirgin shugaban ƙasa ko na manyan baƙi zai tashi ko zai sauka. Kuma titin jirgi ɗaya filin ya daɗe yana dogara da shi, abin da ya fito fili a watan Maris na 2017, lokacin da aka rufe shi na mako shida don gyara, aka mayar da jirage Kaduna.

Akwai kuma abin da ya fi hazo ƙarfi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar, shugabannin ECOWAS sun zauna a Abuja ranar 30 ga watan suka rufe iyakokin ƙasa da na sama tsakanin ƙasashensu da Nijar. Ranar 6 ga Agusta mahukuntan Yamai suka rufe sararin samaniyarsu, har jiragen da ke tafiya tsakanin Turai da kudancin Afirka suka koma yin dogon zagaye, ba a sake buɗe shi ba sai farkon Satumba. ECOWAS ba ta ɗage takunkumin ba sai 24 ga Fabrairu 2024, Najeriya kuma ta ba da umarnin buɗe iyakokinta da Nijar a watan Maris na wannan shekara. A duk waɗannan watanni nisan yana nan kilomita 744, kuma shafukan lissafi sun ci gaba da cewa awa ɗaya ce. Ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025. Yarjejeniyar 1979 ce ta ba 'yan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ƙasashen juna ba biza har kwana 90, kuma ƙungiyar ta sanar cewa za a ci gaba da mutunta wannan dama har zuwa wani sabon umarni. Abin da ya tsaya a kan sanarwa irin wannan yana iya sauyawa, saboda haka tabbatar da sharuɗɗan shiga daga ofishin jakadancin Nijar a Abuja da kuma kamfanin jirgi, kafin a biya kuɗin tikiti, ya zama wani ɓangare na lissafin lokaci.

Wani zai ce, idan jirgi zai ci awa goma, ai gara mota. Wannan ƙorafi yana da tushe, amma shi ma sai an ɗora shi a kan sikeli ɗaya. Ta ƙasa, ko an bi ta Kaduna da Zariya da Gusau da Sakkwato a ƙetare ta Illela zuwa Birnin Ƙonni, ko an bi ta Kwantagora da Yawuri a fita ta Kamba zuwa Gaya da Doso, tafiyar kusan kilomita dubu ce ko fiye. Idan aka haɗa lalacewar hanya, da shingayen bincike, da tsayuwar kan iyaka, da matsalar tsaro da ta sa tafiyar dare ba abin so ba ce a sassa da dama, da wuya a gama ta a yini ɗaya. To amma ƙorafin yana yin nasara a wani wuri: idan ba Yamai ce ainihin inda za a je ba. Mai zuwa Maraɗi da ya bi ta Lome ya sauka a Yamai yana da sauran fiye da kilomita 600 na mota zuwa gabas, alhali Katsina ba ta kai kilomita 100 daga Maraɗi ba. Haka mai zuwa Ƙonni ko Tawa: jirgin cikin gida daga Abuja zuwa Sakkwato, kusan kilomita 490, sannan mota ta ƙasa da kilomita 100 zuwa iyaka, ya fi masa kusa nesa ba kusa ba. Darasin shi ne a fara lissafi daga ƙofar da za a ƙwanƙwasa, ba daga sunan babban birnin ƙasar ba.

Ƙorafi na ƙarshe shi ne cewa duk wannan taka-tsantsan ɓarnar lokaci ne, tunda sau da yawa ana wuce bincike cikin minti 40 a zauna ana hamma a ɗakin jira. Gaskiya ne hakan na faruwa. Amma asarar biyu ba ɗaya ba ce. Wanda ya yi sammako ya rasa awa ɗaya ko biyu, kuma yana iya cika su da aiki ko karatu. Wanda ya makara da minti goma a hanyar da jirgi ba ya tashi kullum ya rasa kwana ɗaya ko biyu, da kuɗin sauya tikiti, da abin da ya fita dominsa. A hanyar Legas, inda jirage ke tashi kusan kowace awa, ana iya yin ganganci a sha. A hanyar Yamai ba a yi. Saboda haka ƙa'idar aiki ita ce: taron safe a Yamai ana tafiyarsa ne tun jiya, da hunturu kuma ko ta hanyar da ke da zango, a bar kwana guda a tsakani idan abin ba ya ɗaguwa.

Lissafin yana kuma nuna inda gyara yake, ga masu iko da shi. Babu injin da zai rage awa ɗaya da minti 25 ɗin nan da wani abin kirki. Awannin da ke zuba a Lome da Abijan kuwa sakamakon yarjejeniyoyi ne da haraji da shawarar kamfanoni, abin da Matsayar Yamusukuro ta 1999 da shirin kasuwar jiragen sama ta bai-ɗaya da Tarayyar Afirka ta ƙaddamar a Janairun 2018 suka yi niyyar warwarewa, kuma har yanzu aikin bai kammala ba. Kafin ya kammala, matafiyi daga Abuja ya rubuta abu biyar a takarda kafin ya sayi tikiti: nisan kai-tsaye, lokacin cikin jirgi na kowane zango, tsawon jira a cibiya bisa agogo ɗaya, lokacin ƙasa a ɓangarorin biyu, da ragowar da watan tafiyar ke bukata. Jimlarsu ce zai faɗa wa mai zuwa tarbarsa, kuma da ita zai yanke ranar da zai bar gida.